Gurbin da Ba a Cike Ba

Ƙarfe tara na dare a Ƙofar Marusa,
janareta na tari, fanka na juyawa da ƙyar.
Ni da kwamfuta da shayin da ya huce,
rahoton asibiti bai kammala ba.

Na ce wa rumbun bayanai: ba ni mutanen watan jiya.
Ya zubo su, layi ɗari uku da sha bakwai,
kowa da nauyinsa, kowa da ranarsa,
sai 'yan gurabun da ba a cike ba.

Manhajar da na rubuta ba ta jure shiru.
Duk inda ta tarar da gurbi fanko
sai ta ari bakinsa ta ci masa albasa,
alhali bai aike ta ba.

Layi na arba'in, jaririn Indo mai ƙosai.
Nauyinsa, in ji allo: sifili.
Sifili? Ni da na gan shi ranar Talata
ya cika zanen goyo, kumatu tuɓu-tuɓu!
Sikeli ne ya lalace, Sista Uwani ta tsallake gurbin.
Ba ta ce ba shi da nauyi ba,
cewa ta yi ba a auna ba.
Amma sifilinsa ya shiga lissafi, ya ja na sauran ƙasa,
takarda ta nuna yunwa a unguwa,
yunwar da ba a yi ba.

Iya Dudu ta Rafin Daɗi, an tambaye ta haihuwa,
ta ce shekarar da fara ta cinye gero,
ko ta bayanta, wa ya riƙe?
Manhaja ta ba ta ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara,
ta ɗora mata shekarun kuka a ka,
ita da ko saba'in ba ta kai ba.

Akwai wani ɗan kwana uku,
ragonsa na ɗaure, ana ta daka.
A gurbin suna manhaja ta buga abin da ta tsinta,
har akawu Tanimu ya leƙa layi yana kira:
"Ina mahaifiyar Nul?"
Mata suka dubi juna. Ba wadda ta amsa,
don ba a raɗa masa ba.

Wadda ta hana ni barci ita ce ta rigakafi.
Tambaya ce mai ƙofa biyu, i ko a'a.
Katin Sagir ya jiƙe a ruwan Agusta, tawada ta gudu.
Gurbi fanko ya koma a'a.
Saura ƙiris a sake tsira masa allura,
uwarsa ce ta dafe hannu, ba ni ba.

Ashe babu iri-iri ce.
Akwai ta wanda ya zazzage aljihu ya ƙirga,
akwai ta wanda bai ma laluba ba.
Malamin zaurenmu, in tambaya ta fi ƙarfinsa,
sai ya rufe littafi ya ce Allahu a'alamu,
kuma girmansa bai ragu ba.

Sai na zauna na koya mata sallama.
Kafin ki ɗauki lamba, tambayi: akwai kowa?
Kafin kwanan wata, haka. Kafin suna, haka.
Kafin i ko a'a, ki bar kujera ta uku.
In shiru ya amsa, ki kawo mini shirun yadda yake,
kar ki rina shi da launin da ba nasa ba.

Sha ɗaya ta wuce, rahoto ya fito
da giɓi nan da can, kamar bakin ɗan shekara bakwai.
Da safe aka kawo sabon sikeli.
Jaririn Indo, kilo biyar da ɗigo biyu, yana tsala ihu.
Na cike gurbinsa da hannuna.
Na Iya Dudu kuwa yana nan fari,
ta zo karɓar maganin ƙafa, na sake tambayarta,
ta yi dariya ta ce, yaro, har yanzu ban tuna ba.